Wana Mai Hatimi da Ƙananan Haruffansa

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Wana ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, a gidansa na Tanout, bayan jinyar da ta cinye damina har ta shiga kaka. Kafin la'asar an yi masa sutura. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne rashin nauyinsa. Mutumin da ya goye ni muna yara, na riƙe shi da hannu biyu kamar damin kara.

Da muka dawo ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi. Limamin unguwa ya ce hatimin masallacinsu marigayi ne ya sassaƙa shi da hannu tun yana saurayi, har yau kuma ba harafin da ya cinye. Matan da ke yin cuku suka zo a ƙungiya, suka shige cikin gida, sai kuka ya tashi. Na ji muryar matarsa tana tsawatar musu: "Ku yi masa addu'a. Kun san ba ya son hayaniya." Wani makiyayi daga arewa, rawaninsa har kan hanci, ya zauna a gefen tabarma har aka shafa fatiha, ya tashi ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba, ya tafi. Ban san shi ba, ban kuma tambaya ba. Babbar yayarmu, wadda ta girme mu duka, ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Da na leƙa ɗakin da take, ta dube ni da idanunta masu hazo ta ce, "To yanzu wa zai riƙa kawo mini takarda?"

Ana cikin zaman, wani matashi ya tsaya da babur a bakin hanya ya tambayi wani a cikin masu zaman wa ya rasu. Aka ce masa, "Tsohon nan mai fotokwafi na bayan kasuwa." Ya ce Allah ya jiƙansa, ya ja babur ɗinsa. Ba abin da ya faɗa na laifi. Amma na kwana da maganar, na tashi da ita. Rayuwar mutum guda an naɗe ta cikin ƴan kalmomi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ni ƙanensa, wanda ya yi aikin kula da lafiyar dabbobi a Belbeji har ya aje aiki. Ban iya jera shekaru ba, kuma shi ma ba ya son a jera masa su. Zan faɗi abin da na gani.

Da reza ya fara. Yana zama a inuwar wata bedi kusa da ofisoshin gwamnati, da guntun roba a kan gwiwarsa, yana yanka haruffa a juye, daga dama zuwa hagu, don in an danna su fito daidai. Sarakunan ƙauye, shugabannin ƙungiyoyi, daraktocin lakwal, wato makarantun boko, duk wurinsa suke zuwa. In mutum ya kawo masa suna da muƙami mai tsawo ya ce a cusa cikin zagaye ɗan ƙarami, Yaya zai dube shi ya ce, "Tawada tana da ƙiba. In na matse su, sati biyu za ka ga baƙin tabo a wurin sunanka. Zaɓi: ko ka rage muƙami, ko in ƙara roba." Da yawa sun fi so a ƙara roba.

Gemunsa ya riga ya yi furfura lokacin da ya sayi ordinata, wato kwamfuta, ta hannu daga wani malamin lakwal, ya kama ɗan shago a bayan kasuwa. Mun yi masa dariya, har ni. Ya koya da yatsa ɗaya. Ƙaramin injinsa na bugawa yana fitar da takarda kaɗan kaɗan, amma babban aiki sai ya zuba a kile, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin ordinata, ya ba direban mota ya kai wata maɗaba'a a Damagaram, a bugo a dawo masa da shi.

A nan ya sha kashinsa na farko. Masu yaƙi da jahilci suka ba shi ɗan littafin karatu na Hausa. Ya tsara shi tsaf, ya aika. Da kwalin ya dawo ya buɗe, duk inda ƙ take, ko ɗ, ko ɓ, ko ƴ, sai wani ɗan akwati fanko ya tsaya a gurbinta. Littafin da za a koya wa manya karatu da shi ya zama ramuka. Ya kira maɗaba'ar, aka ce masa da Faransanci polis ne babu. Ya zo gidana a Belbeji ranar kasuwa yana ba ni labari, ransa a ɓace amma dariya na cin sa. "Ka ji," ya ce, "wai polis ne babu. Na ce me ya haɗa littafina da ƴan sanda? Ashe haka suke kiran salon harafi. Salon da na yi aiki da shi, mai ƙugiyoyin nan namu, yana cikin tawa ordinata, babu shi a tasu."

Bai yi cacar baki da kowa ba. Ya hau mota ya tafi Damagaram, ya zauna a bayan mai aikin injin yana kallo har ya gane maganin abin. Kafin ka aika, sai ka umarci ordinata ta mayar da kowane harafi zane, kamar yadda ake zana doki ko tulu. Daga nan ba ruwan harafin da polis, duk injin da ya je zai fito yadda ka bar shi. Sai dai ya daina zama rubutu. Ba ka iya goge harafi ɗaya ka sa wani. Masu maɗaba'a suna da sunansu na Faransanci, Yaya bai taɓa riƙe shi ba. Shi dafawa yake cewa. Kowane aiki yana ajiye shi kashi biyu: ɗanye, wanda ake iya gyarawa, yana zama a gida, dafaffe kuma shi ke hawa mota. Na sha jin yana faɗa wa ɗansa, "Kada ka dafa sai ka karanta da ƙarfi. Kuma kada ka taɓa zubar da ɗanyen."

Sai ya gano dafawa ma tana da nata sharrin, kuma a kan ƙananan haruffa take saukewa. Babban rubutu ba ya jin komai. Amma ɗan ƙaramin rubutun da ke gindin takarda, wanda ke faɗin yadda za a sha magani ko ranar da kaya zai lalace, in an dafa shi yakan fito da ƙiba. Cikin a da e ya toshe. Ƙugiyar ɗ ta manne da kanta ta koma d. Waƙafi ya shige jikin lambar da ke kusa da shi. Don haka ya kafa wa kansa dokoki, ba wanda ya rubuta masa su. Ƙaramin rubutu sai da salo mai sauƙi, marar siraran ƙafafu da ƙawa. Yakan ɗan buɗa tsakanin haruffa su sha iska. Baƙar tawada zalla yake sa musu, ba haɗin launuka ba, don in injin ya ɗan goce launukan ba sa hawa kan juna daidai, harafin ya yi inuwa. Farin rubutu ƙarami a kan baƙi ko kore, ko ka yi kuka ba zai yi maka ba. Kuma bai taɓa yarda da abin da ya gani a fuskar ordinata ba. "Can komai kyakkyawa ne," in ji shi. "Ƙarya take yi maka don ka ji daɗi." Sai ya fitar da dafaffen a takarda, daidai girman da zai fito, ya yanke da almakashi.

Daga nan sai gidan yayarmu. Ita ta yi karatun yaƙi da jahilci da girmanta, tana haɗa baƙi a hankali, idonta kuma ya daɗe da raunana. Yakan same ta a zaure tana tsinkar zogale, ya miƙa mata guntuwar takardar ya ce, "Yaya Babba, karanta mini." In ta karanta ba tare da ta kai ta hanci ba, aikin ya hau mota. In ta yi tuntuɓe, ya karɓe ya koma shago. Tana yi masa tsiya, "Ka mayar da ni ma'aikaciyarka," amma ranar da bai zo ba sai ta aika a dubo ko lafiya.

Tambayarsa uku ce ga duk wanda ya kawo aiki: "Wa zai karanta? Yana da shekara nawa? A rana zai karanta ko a cikin ɗaki?" Matan cuku sun san wannan tambayar. Lokacin da suka fara sa cukunsu a leda don aikawa birni, suka zo da takardar mannawa wadda hoton saniya ya cinye kusan duka. Ya zaunar da su a benci, ya rage saniyar, ya fito da ranar yi da sunan ƙauyensu. Shugabarsu ta ce saniyar ta rame. Ya ce, "Hajiya, mai saye ya san daga saniya yake. Abin da bai sani ba shi ne yaushe kuka yi shi." Ya yi ta fama da su har suka yarda, kuma da kansa ya koya musu yadda za su manna ba tare da maiƙo ya ci tawadar ba.

Ba zan ce ba shi da aibi ba, don zai ji haushina in na faɗa. Yana da kaifin harshe, kuma a kan ɗansa na fari ya fi sauka. Yaron ya fi shi hannu a ordinata nesa ba kusa ba, yana son rubutu mai lanƙwasa da launin zinariya, samari kuma suna son aikinsa. Wata rana ya tsara katin biki da sunayen dangi cikin siririn rubutu fari a kan shuɗi. Uban ya ɗaga gwajin, ya yaga shi biyu a gaban masu bikin ya ce, "Wannan ba aiki ba ne, kwalliya ce." Bayan kaka yaron ya bi abokansa zuwa wajen haƙar zinariya a arewa. Yana kira jifa jifa, ya gaisa da uwarsa, in an miƙa wa uban waya su yi gaisuwa ta minti ɗaya. Ranar jana'izar uban ba mu same shi a waya ba. Sai da aka share makoki labari ya kai masa.

Ni ma na ɗanɗana. Wata shekara, gab da faɗuwar ruwa, ƙungiyar makiyayan wajenmu ta samu taimakon maganin tsutsar ciki na awaki da tumaki, a manyan jarkoki. Aka ce mu zuzzuba a ƙananan kwalabe mu raba kafin mutane su ɗaga zuwa arewa. Kowace kwalba tana bukatar takardar da za a manna mata, mai faɗin awo da Hausa da Faransanci. Takardar ba ta fi kwalin ashana ba, kuma an ce dole a sa tambari da sunayen duk waɗanda suka ba da taimakon. Na kawo wa Yaya. Ya tsara, ya dafa, ya fitar da gwaji, muka tafi tare wurin yayarmu. Ta juya takardar, ta kai ta hanci, ta ce, "Ɗan akuya biyar." Awon ɗan akuya rabi ne, sifili da waƙafi da biyar. Waƙafin ya narke.

Ya ce, "Ka ji. A cire sunayen nan in ƙara girman awon, ko a ba ni takarda mai faɗi."

Na ce, "Yaya, ba ni da ikon cire sunan kowa. Masu ikon suna Damagaram, kafin su amsa ruwa ya sauka. Takarda mai faɗi kuma ba ta zagaya kwalbar. Aika haka nan, za mu yi musu bayani da baki."

"Bakinka zai bi su daji?"

"Takarda mai wuyar karantawa ta fi babu."

"Takardar da ke cewa biyar a wurin rabi ba ta fi babu ba. Ba za ta fita daga shagona ba."

Muka ɗaga murya a zauren yayarmu har ta kore mu. Na tafi da fushi. Na aika Damagaram neman izini, amsa ba ta zo ba, ruwa ya sauka. Muka raba kwalaben tsirara, muna ta bayani, wasu muka ja musu layi da alƙalami a jikin roba. Da kaka labari ya dawo cewa a wasu rugage an ba ƴan awaki awon manya, an yi asara. Na ɗora masa laifin, na ce da akwai takarda ko yaya take, wani zai kai wa mai ido ya duba. Shi kuma ya ce da takardar ta fita, asarar da ta fi haka, kuma da hannunsa a ciki. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinmu ba. Matarsa ta gaya mini daga baya cewa ranar da ya ji labarin ƴan awakin bai taɓa tuwo ba. Ni ban sani ba a lokacin. Muka yi kusan shekara in mun haɗu a suna ko jana'iza sai gaisuwa kawai.

Matarsa ce ta zo har Belbeji, abin da ba ta taɓa yi ba ita kaɗai. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Wanka ba ya gani. Yana ɓoyewa. Kada ka ce ni na faɗa."

Ta ba ni labarin yadda ta gane. Ya kai wa yayarmu gwajin wata takarda ta masu sayar da man shafawa, ta karanta ta ce, "Nan kafa ka rubuta. Ba ƙafa kake nufi ba?" Ya karɓa, ya kai ta rana, ya sa gilashin nan na masu gyaran agogo da yake ratayawa a wuya, ya daɗe yana dubawa. Ba dafawa ce ta ci ƙugiyar ba. Tun a ɗanyen bai sa ta ba, kuma ya karanta bai gani ba. Ya dawo gida ya zauna a kan turmi ya ce wa matarsa, "Ashe ni ne yanzu."

Na je ranar kasuwar Tanout. Na same shi ya manna fuska da ordinata, ya ƙara girman harafi ɗaya har ya cika fuskarta. Na yi sallama, ya gane muryata, bai juyo ba. Na jawo benci. Can ya tura mini wata takarda ya ce, "Tunda ka zo, karanta mini wannan. Harafi harafi, kada ka yi mini karatun ma'aikata." Iyakar sulhunmu ke nan. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar kwalabe.

Da na aje aiki na dawo Tanout, kusan kullum ina shagon. Likita a Damagaram ya ce ciwon suga ne ya ci jijiyoyin idon, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ci gaba da aiki da idona. Ni ke karantawa, shi ke yanke hukunci. Yakan tambaye ni, "Cikin e ɗin a buɗe yake? Kana ganin fari a ciki, ko kana tsammani ne?" In na yi jinkirin amsa sai ya ce, "To a toshe yake. Ƙara masa iska." Masu kawo aiki suka ragu. Shaguna sababbi sun buɗe, yara masu sauri, ba sa tambayar kowa shekarun mai karatu. Wasu ranakun ba mai shigowa sai masu fotokwafin katin ɗan ƙasa. Yakan zauna a bakin ƙofa, gilashin na lilo a ƙirjinsa ba amfanin da yake masa, yana sauraren kasuwa. Sau ɗaya ya ce mini, ba tare da na tambaye shi ba, "Katin nan na yaron, da na bari masu bikin sun tafi tukuna."

Da ƙafarsa ta kumbura ya daina fita. Ranar ƙarshe da ya yi magana sosai, da la'asar ce, an fito da shi tsakar gida. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan bar kowa ya goge ɗanyun ayyukan mutane daga ordinatar ba. "Na matan cuku yana ciki," ya ce. "Ranar yi kawai za a riƙa canzawa. In an rasa ɗanyen sai sun sake daga farko, kuma wani zai mayar musu da saniyar." Na yi alkawari. Ban san yadda zan cika shi ba, don ni ko kunna ta ban iya sosai ba, ɗansa kuma bai ce zai dawo ba.

Bayan an yi sadakar bakwai na je shagon in kwashe abin da ɓera zai ci. Ina ciki wata tsohuwa ta yi sallama, ta ce daga wani ƙauye take a ƙasar Ollelewa, tana neman mai shagon. Na gaya mata. Ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe. Da ta buɗe sai ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalin magani da wata tsohuwar takarda da ta sha ninki. Takardar rubutun Yaya ce, manyan haruffa baƙaƙe, da Hausa: ƙwaya ɗaya da safe bayan an ci abinci, kada a haɗa da kanwa. Ta ce mijinta ke da hawan jini. Duk lokacin da aka canza masa magani takan kawo, marigayi ya aika a tambayo ma'aikacin asibiti, sannan ya buga mata da girma yadda jikarta za ta iya karantawa. Ta ce ba su kaɗai ba ne, ƙauyensu da yawa suna da irin takardar a soke a jikin danga. Shekarun da na yi ina zama a shagon nan, ban taɓa sanin wannan ba. Ko ya daina ne da idonsa ya tafi, ko kuwa yana yi ranakun da ba na nan, wa ke karanta masa, ban sani ba.

Ta miƙo mini sabon kwalin ta ce, "An canza masa. Kai ɗan'uwansa ne, duba mini."

Na zaro takardar da ke ciki, na warware ta, na sa tabarau, na fita rana. Faransanci ne da na iya, aikin magani ne da na yi rayuwata a cikinsa. Rubutun siriri ne, toka toka, an matse shi kamar ƙwan kifi. Na matso da ita, na nisanta ta. Ban iya karanta layi ɗaya ba.

Na rufe shagon na raka ta asibiti, muka bi layi. Ma'aikacin ya gaya mata da baki, da sauri, don akwai mutane a bayanmu. Ta maimaita sau biyu a hanya don kada ta manta, a na ukun ta riga ta haɗa safe da dare. Na rubuta mata da alƙalami a bayan kwalin, da girma iyakar iyawata. Ta karɓa ta duba, ta ɗaure a bakin zane, ta yi godiya, ta ce Allah ya jiƙan mai shago. Ba ta ce rubutuna ya yi ba.

Allah ka gafarta wa wana. Ka yafe masa kaifin harshensa, ka karɓi abin da ya yi a ɓoye, ka haskaka masa kabarinsa fiye da yadda idonsa ya yi duhu. Ka sanyaya zuciyar matarsa da ta yayarmu, ka dawo da ɗansa gida lafiya. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.